Masaƙun Kakuri Tsakanin Kuɗin Fito da Tallafi

Duk wanda ya tashi a unguwannin Kakuri ko Makera ko Nasarawa da ke kudancin garin Kaduna kafin shekarar 2000 bai cika buƙatar agogo ba, jiniyar masaƙa ce ke gaya masa lokaci. Idan ta yi kuka da sassafe, 'yan aikin dare na fitowa da farar ƙurar auduga a gira da gashin baki, 'yan aikin safe na shiga, kekuna da babura sun cika titi, masu koko da ƙosai da masu shayi sun jeru a bakin ƙofa. Kawuna ya yi shekara 19 cikin masu shiga da fitar nan. A sashen saƙa yake a ɗaya daga cikin masaƙun, kuma har yau sai an ɗaga murya yake ji, don ƙarar injuna ta taɓa masa kunne.

Duk lokacin da hira ta biyo ta kan masaƙa, maganarsa ɗaya ce: "Ɗana, kayan waje ne suka kashe mu. Da gwamnati ta toshe iyaka da gaske, da yanzu muna bakin aiki." Haka akasarin tsofaffin ma'aikata ke faɗa, ni ma a kan haka na taso. Abin da ya sa na sake tunani shi ne ranar da na jera shekarun da aka rufe masaƙun a gefe guda, na jera shekarun da dokar hana shigo da atamfa ke aiki a ɗaya gefen. Sai na tarar manyan masaƙun Kaduna sun mutu ne a daidai lokacin da haramcin ke nan daram a kan takarda.

Gwamnatin da ke son masana'antar gida ta rayu hanya biyu gare ta. Ko ta sa kayan waje su yi tsada, ta ɗora masu kuɗin fito mai nauyi ko ta haramta shigo da su ɗungurungum. Ko kuma ta sa kayan gida su yi araha, ta ɗauke wa mai masana'anta wani ɓangare na ɗawainiyarsa, wato tallafi. Masaƙun Kaduna sun ɗanɗana duka biyun, shi ya sa labarinsu ya isa a zauna a duba shi da kyau.

Yadda aka kafa su

A 1957 Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya sani da KTL, ta fara aiki. Haɗin gwiwa ce tsakanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila. Dalilin a fili yake. Audugar ƙasashen Zazzau da Katsina da Sakkwato tun zamanin Turawa gurje ta ake yi a loda wa jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a kai Ingila a saƙa, a dawo mana da ita akoko da alawayyo mu saya. Kaduna kuwa ga mahaɗar jirgi, ga kogi, ga fili a kudancin gari. Nortex ta biyo baya, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa, sai United Nigerian Textiles, UNTL, wadda attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa a 1964, ta kuma haifi wasu masaƙu har a Gusau da Funtuwa da Ikorodu. A Arewa Textiles ɗin nan Adams Oshiomhole ya fara aiki, daga nan ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedkwatarta ke Kaduna, kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999.

Dole a yi wa kuɗin fito adalci a nan, domin a wannan zangon ya yi aiki. Baƙin da suka saba aiko mana da yadi daga Japan da Hong Kong sun ga harajin na hawa, suka lissafa cewa gara su kawo injin su saƙa a nan. Amma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Gwamnati ta zuba jarinta, ta ba da fili, akwai hutun haraji ga sababbin masana'antu, akwai hukumar sayen auduga da ke raba iri, ta tantance daraja, ta kai wa masaƙa kaya a kan sanannen farashi. Tun ranar farko kariya da tallafi tare suka yi tafiya.

A rabin ƙarshe na shekarun 1970 aka tashi daga haraji aka koma haramci: an hana shigo da yadi. Haramcin ya kai kimanin shekara 20. Abin da ya fi damuna game da waɗannan shekaru shi ne ba a ɗora wa masu masaƙu wani sharaɗi ba. Ba wanda ya ce masu ga kasuwa an killace maku, amma nan da shekara biyar sai kun sabunta injuna, ko sai kun rage abin da kuke kashewa a kan kowane yadi, ko sai kun fitar da kaza zuwa waje. Wasu sun yi da kansu, UNTL ta sa jari, atamfarta ta yi suna har ƙasashen maƙwabta. Wasu kuwa sun ci gaba da lallaɓa injunan saƙa masu ƙoshiya na shekarun 1960, a lokacin da masaƙun Asiya ke komawa injunan da ke harba zare da iska, waɗanda ke ninka su sauri, ma'aikaci ɗaya kuma ya kula da da yawa.

Daga 1986 ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinsu. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, wadda a 1985 take kusan kunnen doki da dala, kafin ƙarshen 1987 sai da kusan naira huɗu ake sayen dala ɗaya. Rini, sinadarai, kayan gyaran inji, duk daga waje suke zuwa. A 1986 ɗin ne kuma aka rushe hukumar auduga ba tare da an kafa abin da zai maye gurbinta ba. Iri ya cakuɗe, tantance daraja ya tsaya. Manoma suka koma zuba auduga a buhun leda irin na taki, kuma duk wanda ya yi aiki a sashen rini zai gaya maka illar wannan: silin leda ɗaya in ya shiga zare ba ya shan rini, sai ya fito fari fat a tsakiyar zane, a mayar da turmin gaba ɗaya mai daraja ta biyu.

Sai abubuwa suka zo a jere. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin yadi a 1997. Ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar a Disambar 2001. Kukan ma'aikata da masu masaƙu ya sa gwamnatin Obasanjo ta maido da haramci kan atamfa a 2002, ta kuma faɗaɗa shi daga baya. A 2002 ɗin ne KTL ta rufe. Finetex da Nortex da Arewa suka bi sahu a 'yan shekarun da suka biyo, sannan a 2007 UNTL, uwa ma ba da mama, ta tsayar da injunanta na Kaduna, dubban mutane suka koma gida. Duk wannan ya faru ne doka na cewa ko ƙyalle ɗaya na atamfar waje bai halatta ya shigo ba.

Lissafin ɗan fasa-ƙwauri

Hanyar kayan a wancan lokacin ba ɓoyayya ba ce. Kwantena ta sauka a Kwatano ko Lome da takardun cewa wucewa za ta yi zuwa Nijar. A ɗora wa tirela ta haura arewa har Birnin Ƙonni ko Maraɗi, inda manyan sito-sito suke. Daga nan a fasa kayan ƙanana-ƙanana su tsallako ta wajen Illela ko Jibiya ko Maigatari, wasu cikin dare ta hanyar daji, wasu da rana tsaka bayan an daidaita da waɗanda ya kamata su tare su. Gobe suna Kantin Kwari, jibi suna Kasuwar Gumi da Kasuwar Barci a Kaduna. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, tamu da Benin kusan 800, mutanen da ke hagu da dama 'yan uwan juna ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Gwamnatocin Benin da Nijar kuma suna karɓar nasu kason a kan kayan da ke ratsawa, don haka ba su da dalilin taya mu gadi.

Bari mu ɗauki misali, don lissafi kawai. A ce turmin atamfar waje ya iso tashar ruwa a kan naira 10,000, kwatankwacinsa na Kakuri kuma ya tashi wa masaƙa a kan 13,000. Gwamnati ta sa kuɗin fito kashi 35 cikin 100, na waje ya koma 13,500. A kan takarda an gama, na gida ya yi nasara. To amma ɗan fasa-ƙwauri ba wannan lissafin yake yi ba. Shi abin da yake dubawa shi ne nawa zai kashe daga Kwatano zuwa Kano: kuɗin mota, kason Nijar, na goro a kowane shinge. A ce duka ya tashi 1,500 a kan kowane turmi. Kayansa sun iso a 11,500, ya sayar 12,000, ya ci riba, kuma har yanzu yana ƙasa da na Kakuri da naira dubu.

A nan gizo ke saƙar. Kariyar da masaƙa ke samu a zahiri ita ce 1,500 ɗin nan, kuɗin zagaye, ko me aka rubuta a littafin kwastam. A mayar da harajin kashi 70, ko a haramta gaba ɗaya, abin da zai ƙaru shi ne na goron da ake ajiyewa a shinge. Ɗan kasuwar da ke son bin ƙa'ida shi ne zai fita daga harkar, don ba zai iya gogayya ba. Baitulmali ba ta samu ko kwabo ba. Wanda ya ci moriyar dokar shi ne mai tirela da mai tare hanya, har ya zama suna da buƙatar haramcin ya dawwama.

Yanzu a juya misalin. A ce gwamnati ta bar harajin a matsakaici, ta je ta rage wa masaƙa naira 2,000 daga abin da take kashewa kan wuta da tururi a kowane turmi. Na Kakuri ya koma 11,000. Ya doke na fasa-ƙwauri ba tare da an kama kowa ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan: arahar tana bin turmin duk inda ya je, ko Maraɗi ko Akra ko Duwala, wuraren da kuɗin fiton Najeriya ba ya da ta cewa. Haraji a bakin iyaka yake tsayawa, shi ya sa masana'antar da ta girma a bayansa kaɗai ba ta iya fita kasuwar waje.

Me ya sa to gwamnatoci suka fi son haramci? Don ba ya cin kasafin kuɗi. Sanarwa ce a rubuta a sa hannu, a yi tafi. Tallafin naira 2,000 a kan turmi miliyan ɗaya kuwa naira biliyan biyu ne da za a gani ƙuru-ƙuru a kasafi, majalisa ta tambaya. Amma rashin ganin kuɗin haramci a kasafi bai sa ya zama kyauta ba. Akwai mai biya.

Na gan ta da idona a Kasuwar Gumi, wata dattijuwa ta zo haɗa lefen ɗanta, da 'yar takarda a hannu da aka rubuta turmi nawa, shadda nawa, leshi nawa. Mai shago ya sauko mata da iri biyu masu zane kusan ɗaya. Ta murza bakin kowanne tsakanin yatsu, ta ɗaga a haske, ta ce, "Alhaji, wannan ta fi jiki." Ya ce, "Gaskiya ne Hajiya, ba ta zuba, sai dai kuɗinta ya ɗara." Ta yi shiru tana kallon takardar, ta ƙirga da yatsu, sannan ta ce a ba ta mai arahar guda shida. Ba rashin kishin ƙasa ya sa ba. Akwatin ne dole ya cika, dangin amarya za su ƙirga. Duk naira ɗaya da haramci ya ƙara wa farashin atamfa daga lalitar irin wannan baiwar Allah take fita, da tela, da mai saro turmi goma ta kai ƙauye. Ga wani cin fuskar kuma: masu kwaikwayo a waje kan kwafi zanen da masaƙunmu suka fitar, har da tambarin da ke bakin zane, cikin 'yan makonni ya dawo kasuwa da rabin kuɗi.

Inda ɗakin ke yoyo

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka bar kawuna ya wuce maganar iyaka ya shiga labarin cikin masaƙa, abin da zai fi daɗewa a kai shi ne wuta. Ya ce in aka ɗauke ta ba zato, zare kan tsinke a layi-layi, sai an bi ɗaya bayan ɗaya ana ƙullawa kafin a tayar, yadin da ke cikin rini kuma ya yi dabbare-dabbare. Ya sha kwana a wurin aiki ba a saƙa ko kamu ɗaya ba, suna zaune a kan dilar akoko suna jiran a gyara janareta. Masaƙa aikin dare da rana take yi, don haka kowace ta koma ta kafa tashar wutarta da man gas.

Sai baƙin mai. Rini da wanki da busarwa duk da tururi ake yi, tukwanen tururin kuma baƙin mai suke sha. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana nan kusa, ita ke ba su. Da ta fara tsayawa tana tashi, sai an yo dakon man daga kudu da tanka, in an samu, a farashin 'yan bumburutu. Masana'antun Ikko da kewaye sun samu bututun iskar gas sun koma kansa, na Kaduna da Kano ba su samu ba. A haɗa da ruwan da sai masaƙa ta tace da kanta, da audugar da ta lalace ta kuma yi ƙaranci, da bashin banki mai kuɗin ruwa kashi 20 ko fiye. Wannan shi ne giɓin naira 3,000 na misalinmu. Ba ɗaya daga cikinsu da ke bakin iyaka, duk a cikin gida suke.

Tallafin da ya zo

Da za a ce ba a taɓa ba masaƙu tallafi ba, da maganar ta yi sauƙi. An ba su, sai dai yadda aka bayar shi ne abin dubawa.

A ƙarshen mulkin Obasanjo aka yi shelar asusun naira biliyan 70 na farfaɗo da masaƙu. Kuɗin ba su fito ba har UNTL ta rufe. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta mayar da shi asusun naira biliyan 100 na auduga da saƙa da ɗinki, Bankin Masana'antu ya fara rabawa a 2010 a matsayin rance mai kuɗin ruwa kashi 6. Da shi UNTL ta sake buɗewa a Disambar 2010, Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo ya zo bikin, aka yi murna a Kakuri. Na tuna yadda tsofaffin ma'aikata suka yi ta zarya da takardunsu. Amma ba ta koma ko kusa da ƙarfinta na da ba, sauran da suka mutu kuma ba su tashi ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Rance mai sauƙi yana sayen sabon inji, yana biyan tsohon bashin banki, amma ba ya rage kuɗin man gas na gobe. Masaƙar da ke faɗuwa a kan kowane turmin da ta saƙa, in ka ba ta bashi ka ƙara mata kwanaki ne da kuma nauyi. Ga shi ya zo bayan shekaru da rufewa, injuna sun yi tsatsa, dilolin da ke saro kayanta sun kama hanyar Guwanzu da Dubai. Ihu bayan hari. A ƙarshen 2010 ɗin kuma, a daidai lokacin da ake raba rancen, aka sassauta haramci kan wasu nau'o'in yadi, hannun dama bai san abin da na hagu ke yi ba.

Tallafin da ya fi kusa da daidai shi ne na masu fitar da kaya waje, wanda dokarsa ta samo asali tun 1986. Ka fitar da kaya, ka kawo shaida, a ba ka wani kaso na darajarsu. Wannan sakayya ce bayan aiki, kuma masaƙun da ke sayar da zare da atamfa a waje sun dogara da shi ƙwarai. Sai dai ba tsabar kuɗi ake biya ba, takardar shaida ce da za ka biya kuɗin fito da ita ko ka sayar. Takardun suka taru ba a karɓa, aka yi ta zargin wasu na fitar da kaya a takarda kawai, a 2014 aka dakatar da shirin, sai 2017 aka dawo da shi da sabon fasali. Wanda ya riga ya sayar da kayansa da araha a waje bisa alkawarin gwamnati, shi aka bari da asara.

A zamanin Buhari Babban Banki ya haɗa duka biyun. Tun 2015 ya sa yadi cikin kayan da ba za a ba su dalar gwamnati ba, a Maris 2019 ya tsananta, ya kuma zuba rance ga manoman auduga. A Agustan shekarar aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. An noma auduga, amma masaƙun da za su kaɗa ta sun yi kaɗan, matsalar wuta na nan inda take, biyan bashin ya zama rigima. A Oktobar 2023 aka soke takunkumin dalar. Mai karatu ya ƙirga: buɗewa a 1997, rufewa a 2002, sassauci a 2010, ɗage haramci a 2015 bayan shigowar harajin bai ɗaya na ECOWAS, tsanantawa a 2019, sakewa a 2023. Injin saƙa kuwa jari ne na shekara 15 zuwa 20. Wane mai hankali ne zai binne kuɗinsa a inda doka ke juyawa kafin inji ya biya kansa?

Akwai masu kawo siminti a matsayin hujjar cewa kariya na aiki, kuma suna da gaskiya har wani wuri. Tsarin 2002 ya ce ba a ba ka izinin shigo da siminti sai kana gina masana'anta a gida, aka samu irin su Obajana, ƙasar ta daina dogaro da na waje. To amma a lura da abu biyu. Na farko akwai sharaɗi, abin da masaƙu ba su taɓa gani ba. Na biyu, buhun siminti kilo 50 ne kuma kuɗinsa bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, wanda bai fi kilo ɗaya ba. Ba mai ɗaukar siminti a babur ya ratsa daji, amma dilar atamfa ta miliyoyi tana shiga bayan ƙaramar mota. Kuma ko a simintin, mai gini ne ke biyan tsadar har yau. Shinkafa ta fi kama da atamfa: da aka kai harajinta kashi 110 a 2013, sai shinkafar da Benin ke shigowa da ita ta yi tashin gwauron zabi, kowa ya san inda take ƙarewa.

Ƙasashen da suka tashi da saƙa ba su tsaya ga katanga ba. Koriya ta Kudu a zamanin Park Chung-hee ta kare kasuwarta, ta ba kamfanoni bashi mai rahusa, amma da ma'aunin abin da za su fitar waje, wanda ya gaza a janye masa. Bangaladash kusan ba ta noma auduga, amma tana sahun gaba a duniya wajen fitar da tufafi. Ta bar masu ɗinki su shigo da kayan aiki ba haraji muddin fitarwa za su yi, ta ba da lada ga mai amfani da zaren gida, masaƙunta kuma suka daɗe suna samun iskar gas mai sauƙi.

Ban manta da abin da kalmar tallafi ke tunasar da ɗan Najeriya ba. Mun ga na man fetur, da binciken majalisa na 2012 da ya bankaɗo waɗanda aka biya kuɗin man da ba su kawo ba. Mun ga na taki da ke ƙarewa a hannun 'yan siyasa. Tsoron halas ne, kuma shi ya sa siffar tallafin ta fi yawansa muhimmanci. A ra'ayina, ga kaya irin atamfa, mara nauyi mai tsada, a ƙasa mai iyaka irin tamu, abin da ya dace shi ne kuɗin fito matsakaici wanda bai wuce kuɗin zagaye da yawa ba, yadda ɗan kasuwa zai ga bin tashar Ikko ya fi masa kwanciyar hankali. Abin da aka tara daga nan a keɓe shi ga wuta da tururi da irin auduga. A biya bayan an saƙa, bisa abin da mita ta nuna da yawan yadin da ya fito, a buga sunan kowace masaƙa da abin da ta karɓa kowa ya gani, a sa wa'adin da tallafin zai riƙa raguwa, wadda ta kasa cika sharaɗi a cire ta. Cibiyar binciken noma ta Samaru na nan da irin audugarta, abin da ya ɓace shi ne mai ninka irin ya kai wa manomi da tsabta. Umarnin shugaban ƙasa na 2017 da ya ce hukumomi su fifita kayan gida, da ana binsa a kakin soja da 'yan sanda da 'yan hidimar ƙasa, da ya zama kasuwar da ba ɗan fasa-ƙwaurin da zai iya shiga.

Wasu daga cikin gine-ginen Kakuri sun wuce gyara, rufi ya zube, an kwashe ƙarafa. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama sun shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu sun rasu ba su karɓa ba, kuma ban ga yadda za a yi maganar farfaɗowa da mutunci ba kafin a sauke wannan nauyin. Abin da ke gaba yanzu shi ne makamashi. Tashar wuta ta Kudenda da ke Kaduna mai megawat 215 tun 2009 aka ba da kwangilarta. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Ranar da gas ya iso, farashin da za a sayar wa masaƙa a bakin ƙofarta zai fi kowace sanarwar kwastam tasiri.

Na zauna da kawu wata ranar Juma'a bayan la'asar na zayyana masa lissafin nan, da 10,000 da 13,000 da kuɗin zagaye, ina ɗaga murya yana gyaɗa kai. Bai musa ba, bai kuma janye maganarsa ta iyaka ba. Ya jima shiru, sannan ya ce, "To ɗana, in an kawo gas ɗin, wa zai tayar da injin?" Ya fara lissafa mutanen sashensu da yatsu, wane ya rasu, wane ya koma ƙauye, wane yana acaɓa har ƙafa ta hana. Ƙaramin cikinsu, wanda suke aika sayen goro, ya ba hamsin baya.